Bambancin elemen da atiribut a HTML da XML

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce mene ne ya raba elemen da atiribut, kuma yaushe ake ɗaukar wannan a bar wancan. HTML shi ne harshen da ake rubuta shafin yanar gizo da shi, XML kuma na tsara bayanai ne. Duba layin nan na HTML:

<a href="labarai.html">Labaran yau</a>

Daga tag ɗin buɗewa, wato alamar da ta zo kafin "Labaran yau", har na rufewa da ya zo bayan kalmomin, haɗe da rubutun da ke tsakani, shi ne elemen. Shi kuwa href="labarai.html" atiribut ne: suna da abin da aka ba shi, a cikin tag ɗin buɗewa kaɗai yake zama, aikinsa ƙarin bayani kan elemen ɗin.

Elemen yana iya goyon wasu elemen a cikinsa, kuma ana maimaita shi sau nawa aka ga dama. Atiribut rubutu ne zalla, kuma suna ɗaya ba ya zuwa sau biyu a tag guda. In ka rubuta atiribut ɗin class sau biyu a tag guda na HTML, burauza za ta ɗauki na farko ta watsar da na biyu ba ta ce maka uffan ba. A XML kuwa fayil ɗin ma ba zai karantu ba. Shi ya sa in kana tsara bayanan ɗalibai a XML, kada ka cusa lambar waya a atiribut, domin gobe wani zai zo da layi biyu. Ba ta elemen nata. Lambar rajista, wadda ɗaya ce tak ga kowane ɗalibi, ita ta dace da atiribut.

Akwai tarkon da ya fi kama mu masu rubuta Hausa, don Allah ka kula da shi:

<img src="aji.jpg" alt='Hoton 'yan makaranta'>

Alamar da ke gaban 'yan ta rufe alt, atiribut ɗin da ke ɗauke da bayanin hoto, tun bai ƙare ba. "Hoton" kawai ya shiga, sauran kalmomin burauza ta ɗauke su a matsayin wasu atiribut marasa ma'ana, makaho mai sauraron shafin da manhajar karatu kuma ya rasa bayanin hoton. Ka riƙa kewaye shi da alama mai biyu: alt="Hoton 'yan makaranta".

Wani tarkon kuma: disabled atiribut ne da ke kulle maɓalli a shafi, kuma rubuta disabled="false" ba ya buɗe shi. Ganin sunan kaɗai ya isa ya kulle shi, sai ka cire shi gaba ɗaya.

In shafinka na Hausa ne, sa lang="ha" a tag ɗin html. Sakin layin da ke da Ajami kuma ka ba shi lang="ha-Arab" da dir="rtl", rubutun ya taso daga dama.