Shin Amelia Earhart ce mace ta farko da ta tuƙa jirgin sama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An ce mana Amelia Earhart ce mace ta farko da ta tuƙa jirgin sama. Haka ne? Kuma ko akwai baƙar fata cikin matan farko?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Wanda ya faɗa miki haka ya yi tuntuɓe. Sunan Earhart ya yi tashe ne don ta ratsa tekun Atlantika ita kaɗai a 1932, sannan ta ɓace a tekun Fasifik a 1937. Amma tun Earhart tana 'yar shekara 12, wata Bafaranshiya, Raymonde de Laroche, ta karɓi lasisin tuƙin jirgi, ranar 8 ga Maris 1910. Akwai kuma Harriet Quimby, Ba'amurkiyar da ta tsallake ruwan da ya raba Ingila da Faransa ranar 16 ga Afrilu 1912. Rashin sa'arta, washegarin nitsewar jirgin ruwan Titanic ne, hankalin jaridu duk yana can.

Baƙar fata kuwa akwai Bessie Coleman, kuma labarinta ya fi tsaya mini a rai. An haife ta a Texas a 1892, ta taso tana tsinkar auduga, daga baya ta koma Chicago tana gyaran farce a shagon aski. Makarantun tuƙin jirgi na Amurka suka rufe mata ƙofa, ga ta mace, ga ta baƙa. Sai ta zauna ta koyi Faransanci, ta tara ɗan abin da ya samu, ta tafi makarantar 'yan uwan Caudron a garin Le Crotoy da ke Faransa. Ranar 15 ga Yuni 1921 ta samu lasisin ƙasa da ƙasa, shekara biyu kafin Earhart ta samu nata.

Da ta dawo gida tana wasan jirgi a bainar jama'a, takan ƙi tashi muddin aka ware wa baƙaƙe ƙofar shiga daban. A 1926, a Jacksonville, wata sifana da aka mance ta maƙale a kayan sarrafa jirgin, ya kife a sama. Ba ta ɗaura bel ba don tana leƙen filin da za ta diro da lema washegari, ta faɗo ta rasu.

A tseren mota ma ƙofar ce matsalar. Wata Bafaranshiya, Camille du Gast, ta shiga tseren Paris zuwa Madrid a 1903, tana cikin na gaba-gaba ta tsaya ceton wani direba da motarsa ta danne. Shekara na zagayowa ƙungiyar masu motoci ta Faransa ta hana dukkan mata shiga tsere, ita kuwa ta koma tseren kwale-kwale mai inji.