Mai taɓin hankali ya yi kalaman ɓatanci ga addini: me shari'a ta ce?

Ɗan'uwa, ka ce ƙanenka mai taɓin hankali ya furta kalaman ɓatanci a kasuwar Tahoua, an kama shi. Allah ya ba shi lafiya.

Dokar hukunta laifuka ta Nijar ta 1961 ta ce babu laifi a kan wanda hankalinsa ya gushe lokacin da ya aikata abin. Musulunci ma ya ɗauke alƙalami daga mahaukaci har ya warke. Amma ka lura da "lokacin": tsohon ciwo kaɗai bai isa ba, sai an nuna ranar ba ya cikin hayyacinsa.

Ku tattara katin asibiti, takardun magani, har kwalayen da suka ƙare. Ku nemi maƙwabta da suka ga ya kwana uku bai runtsa ba yana surutai. Lauya ya roƙi alƙali mai bincike ya sa likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi da wuri, ko da a Pavillon E, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai. In an makara ciwon ya lafa, rahoton zai yi rauni.

Kada magani ya yanke masa yana tsare. In an sake shi, ku kai shi wani gari tukuna, don fushin jama'a ba ya jiran alƙali.