Tambaya da Amsa: Me ke sa helikwafta jijjiga?

TAMBAYA: Salam Malam, ni ɗalibi ne ina koyon gyaran jirgin sama a Zariya. Wani matuƙi ya sauko da Bell 206 yace jirgin na jijjiga, oganmu ko sifana bai ɗauka ba sai cewa yayi, a kujera kake ji ko a ƙafa? Dan Allah meye hikimar tambayar nan?

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanena, ai ogan naka tsohon hannu ne. Babbar farfelar Bell 206 tana juyi wajen 394 a minti, ta wutsiya kuwa kusan 2,550, toh kaga rawar tasu ba za ta zo ɗaya ba. In ƙafarsa ce ke zirr a kan feda kamar ya taka janareta, wutsiya za'a fara dubawa. In kuwa kujera ce ke cilla shi sama da ƙasa har yana iya ƙirgawa, sau ɗaya a kowane juyi, to fiffike ɗaya ya bar layin ɗan'uwansa. In gefe da gefe take kaɗa shi nauyi ne bai daidaita ba, kamar fankar silin da aka lanƙwasa ko tayar da ba'a yiwa balansin ba.

Da can alli ake shafawa a bakin kowane fiffike, kala daban-daban, mutum ya tsaya da tuta a jikin doguwar sanda farfela na juyawa ta ɗan shafi ƙyallen, sai a ga wane launi ne a sama wane a ƙasa. Wallahi aikin sai mai ƙarfin hali! Yanzu na'ura irin Chadwick-Helmuth ake ɗaurawa ta auna, galibi ana so jijjigar ta sauko ƙasa da 0.2 IPS (ma'aunin ƙarfin jijjiga, wato inci a sakan).

Amma inda yara ke kuskure shine saurin ƙara wasa (ɗan zoben ƙarfen daidaita nauyi) da murɗa sandar da ke saita fiffike alhali boris ya cinye ko noti ya saki, ka daidaita yau jibi ta dawo, kuma ka ɓoye ainihin ciwon. Fara girgiza kowace mahaɗa da hannunka ka ji ko akwai lilo, ka duba gaban fiffiken don ƙurar hunturu na cinsa kamar sanfefa, ka tambaya wane aiki akayi wa jirgin na ƙarshe. Jijjigar da ta zo farat ɗaya kuwa, jirgin baya tashi sai an gano dalili. Lambobin saiti kuma daga littafin kamfanin jirgin zaka ɗauko, ba daga bakina ba.