Wai a yi masa aure ya natsu

Wa alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka tun daren jiya, ban amsa ba sai da na yi asuba na zauna, don ba magana ba ce ta tsaye. Ka ce ƙanin naka wata huɗu ke nan bai taɓa kodin ba tunda aka sallamo shi daga asibiti, su Gwaggo kuma sun taso wai a yi maza a nema masa mata tunda a al'adarmu aure ke natsar da yaro, kai zuciyarka ba ta kwanta ba amma kana jin nauyin yi wa manya musu. Kana tambaya shin da gaske al'adar haka ta ce.

Toh, ta ce, ba ƙarya suka yi ba. Amma rabin maganar suka ɗauko. Yaron da iyayenmu ke cewa a yi masa aure ya natsu, yaro ne mai rawar kai da yawon dare da yawan kallon 'yan mata, amma yana da sana'a a hannu, gari na wayewa ya san inda za shi. Kuma wannan al'adar dai ita ce ta ce ba a karɓar kuɗin gaisuwa sai an yi bincike. Da idona na ga yadda kakanku ke yi in an zo neman 'yarsa, ba ya tambayar dangin yaron komai don ya san yabo za su yi, sai ya tura mutum unguwar su a ɓoye, ya zauna a teburin mai shayi ya ji me ake cewa, ya tambayi liman ko yana ganinsa a sahu, ya je wurin maigidansa na sana'a ya ce in ka ba shi ajiya tana dawowa cif? Yanzu ka faɗa mini tsakaninka da Allah, in aka yi wa ƙaninka wannan binciken yau, me za a samo? Za a samo ya daina sha, Alhamdulillah. Sai me kuma?

Nan ne mutanenmu ke kuskure. Sun ɗauka daina sha shi ne warkewa. Daina sha share fili ne kawai, ba a kai ga aza tubali ba. Shekara nawa yaron nan ya yi yana sha, biyar ko shida? A wannan tsakanin sa'o'insa sun koyi sana'a, sun koyi haƙuri da kwastoma, sun koyi yadda ake haɗiye ɓacin rai a kwana da shi, shi kuwa duk abin da ya dame shi kwalba ce maganinsa. Shekarunsa sun tafi amma shi bai bi su ba. Ka ɗauko 'yar mutane ka haɗa ta da shi, ga kuɗin haya ga cefane ga sanyin Jos sai gawayi, ranar da suka fara samun saɓani ina kake zaton ƙafarsa za ta kai shi? Ita yarinyar kuma ba likita ba ce, amana ce iyayenta suka ba mu.

Kuma kar ka ɗauka gidanmu kaɗai abin ya shiga. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A shekarar ne ma gwamnati ta hana maganin tari mai kodin bayan rahoton da BBC ta yi a kan shan kodin, amma ai kana gani, an hana bai ɓace ba, wasu ma tiramol suka koma. NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, tun 1989 aka kafa ta, tana ta kamu. Kamu na da amfaninsa, amma ba ya koya wa yaro abin da zai yi da hannunsa daga azahar zuwa magariba. Gidan mari ma haka, ka tuna abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna a 2019, ɗaruruwan mutane da sarƙa a ƙafa. Don Allah ko wani ya kawo wannan shawarar kar ku yarda.

Bari in ba ka labarin yaron da aka kawo mini shago a Dilimi, ba zan kama suna ba don yanzu magidanci ne. Ranar farko na ba shi allura da zare, wallahi ya fi minti biyar hannu na rawa zaren ya ƙi shiga, gumi na zuba a cikin hunturu. Ban ce masa komai ba, na bar shi da guga da sa maɓalli. Abin da na lura, da safe lafiya lau yake, amma la'asar na yi sai ka ga ya kasa zama, yana leƙen titi, don lokacin ne suka saba haɗuwa da abokansa a jangul, wato mattarar 'yan shaye-shaye. Sai na mai da aikensa la'asar, in ba shi ɗari biyar ya je kasuwa ya sayo zare da zif ya kawo canji. Da farko canjin ba ya cika. Daga baya ya riƙa cika. A wata na bakwai ya koma ruwa, ya ɓace kwana uku, ya dawo ido jajir ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa. Na so in kore shi, Allah ya sani raina ya ɓaci ƙwarai, amma abin da ya tsayar da ni, ban tambaye shi ba shi da bakinsa ya ce Baba na sha. Da can sai ya rantse da Alƙur'ani bai sha ba. Na ce wannan ba yaron da aka kawo mini ba ne, ya ƙaru. Muka koma wurin likita aka ɗora. Sai da ya shekara biyu na ba shi makullin shago, ya shiga adashi ya sayi kekensa, sannan ni da kaina na je na nema masa aure, kuma ban ɓoye wa waliyyin yarinyar komai ba.

Addinin ma ai ba rana ɗaya ya hana giya ba, daki-daki aka bi, a Baƙara aka ce zunubinta ya fi amfaninta, a Nisa'i aka ce kar a kusanci salla cikin maye, sai a Ma'ida aka ce a nisance ta gaba ɗaya. Sai da aka gina zukata tukuna. Kuma sahabin nan da aka sha kawowa gaban Manzon Allah (SAW) saboda shan giya, da wani ya tsine masa ai hana shi aka yi, aka ce yana son Allah da Manzonsa. Saboda haka ku daina kiransa ɗan ƙwaya a gida ko da wasa, na ji ƙannenku na yi, ka tsawatar.

Su Gwaggo ka bar ni da su, ni zan yi musu magana, ba kai za ka yi musu da manya ba. Ba cewa zan yi ba za a yi auren ba, cewa zan yi a bari ya cika sharaɗin da kakanku ke nema. Kai naka aikin, kar ya tsallake ranar ganin likita ko ya ce ya ji sauƙi, in ta kama ka raka shi JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, da ƙafarka. Ka sa ya canza layin waya, zama da maɗaukin kanwa ka san ƙarshensa. Kar ku riƙa ba shi kuɗi da yawa a hannu, amma kuma kar ku hana shi ɗan aike, ta nan ake gane amana. Ka tambaye shi wace sana'a ransa ke so, kar ku zaɓa masa, in ɗinki ne akwai keke ɗaya a shago ba mai hawa, in gyaran mota ne ko waya ina da mutane.

Ka kawo mini shi ranar Asabar bayan la'asar, ku biyu kawai. Ka gaida Mamanku, ka ce mata ta rage kuka a gabansa.