Amsa: tuƙi daga Accra zuwa Tamale da kayan gida

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya kai Tamale rana ɗaya tunda an mayar da aikinka can. Kar ka gwada. Tafiyar ta haura kilomita 600, motarka kuma cike da kaya. Ka bar unguwar Nima da ke Accra bayan sallar asuba, ka bi Nsawam, Nkawkaw, ka kwana Kumasi.

Washegari ka sha mai a Techiman, ka ƙetare Kintampo da gadar Buipe da rana tsaka. Da dare manyan motoci kan lalace a kan titi ba fitila.

Kaya masu nauyi ka sa ƙasan but. Ka ƙara wa tayoyin baya iska tun suna sanyi, domin lodi da zafin kwalta ke fasa taya mai ƙarancin iska. Lasisi da inshora su kasance a hannu saboda shingen 'yan sanda.