Shin ilimin tsohon rumbun bayanai zai ci gaba da amfani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina aiki da Oracle, manhajar rumbun bayanai, ina rubuta PL/SQL, harshen shirye-shiryenta, ina kuma gina fom da Oracle Forms. Yanzu kamfanin Oracle ya fi karkata ga APEX, manhajarsa ta gina shafukan aiki a intanet, da hayar saba (kwamfutar da ke riƙe da bayanai) ta intanet, a wurin aikinmu kuma ana ta maganar komawa PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai ta daban. Abin da na iya ya zama tarihi ke nan? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, amma kada ka miƙe ƙafa. Abin da ka iya kashi biyu ne: akwai na kayan aikin kamfani, akwai na bayanan su kansu.

Na kamfanin shi ne mai mutuwa. Misali, Microsoft ya fitar da Visual FoxPro 9, manhajarsa ta gina rumbun bayanai da fom, a 2004, ya sanar a 2007 cewa daga shi babu wani, ya kuma janye tallafinsa a 2015. Wanda iliminsa bai wuce zana fom ba ya ji jiki.

Kashi na biyu kuwa, da tsohuwar zuma ake magani. Edgar Codd na IBM ya kawo tsarin tebura masu alaƙa tun 1970, aka daidaita ƙa'idar SQL, harshen yi wa rumbun bayanai tambaya, a 1986, har gobe da ita ake aiki. Da MongoDB, rumbun da ke ajiye bayanai a matsayin takardu maimakon tebura, ta fito a 2009 an yi ta cewa SQL ta gama yayi, sai ga PostgreSQL ta ƙara JSONB, hanyar ajiye irin waɗannan takardu, a 2014, ta haɗa tebura da takardu wuri guda. Iya tsara tebur ba tare da maimaita bayani ba, sanin inda fihirisa za ta taimaka da inda za ta rage saurin shigar da bayanai, gane dalilin da ya sa ayyuka biyu suka kulle juna: duk wannan zai bi ka ko'ina, kuma masu shi ba su da yawa.

Haɗarin yana inda Oracle da PostgreSQL suka yi kama amma hali ya bambanta. Sauya kalmomin umarnin Oracle zuwa na PostgreSQL, kamar NVL zuwa COALESCE, DECODE zuwa CASE, ROWNUM zuwa LIMIT, CONNECT BY zuwa WITH RECURSIVE, wannan mai sauƙi ne, domin kuskuren zai bayyana nan take. Waɗanda ke ɓarna a ɓoye su ne abin tsoro. Oracle na ɗaukar rubutun da babu komai a cikinsa a matsayin NULL, wato alamar babu bayani, PostgreSQL ba ta yin haka. Sai sharaɗin IS NULL ya tsallake wasu layuka, rahoto ya fito da gibi ba tare da wani gargaɗi ba. DATE na Oracle yana riƙe da awa da minti da daƙiƙa, na PostgreSQL rana kawai yake riƙewa, don haka timestamp za ka zaɓa, in ba haka ba lokutan su salwanta. Sannan idan umarni ɗaya ya faɗi a tsakiyar aiki, Oracle shi kaɗai take warwarewa, PostgreSQL kuwa za ta ƙi karɓar sauran har sai ka yi ROLLBACK, wato ka warware aikin duka, sai fa in ka riga ka sa SAVEPOINT, wato zangon da za ka iya komawa gare shi.

Shawararmu ita ce ka girka PostgreSQL a kwamfutarka, kyauta ce. Ɗauki ƙaramin sashe, tebura goma zuwa ashirin, ka kwashe da ora2pg, manhajar kwashe bayanai daga Oracle zuwa PostgreSQL. Ƙirga layukan kowane tebur a ɓangarorin biyu, ka kwatanta jimillar lambobi, sannan ka bi tambayoyi biyar mafiya nauyi da EXPLAIN ANALYZE, umarnin da ke nuna yadda tambaya ta gudana da lokacin da ta ɗauka.

Game da Forms, fara tun yanzu: duk wata doka ta aiki da ke binne cikin fom, kamar lissafin ragi ko tantance kwanan wata, ka ciro ta ka mayar cikin rumbun. Idan kun zauna a Oracle, APEX tana aiki ne da PL/SQL, za ta kira dokokin kai tsaye. Idan kun koma PostgreSQL, PL/pgSQL, harshen shirye-shiryenta, ta yi kusa da abin da ka sani, sai dai babu PACKAGE (ƙunshin ayyuka), za ka tara ayyukan ƙarƙashin SCHEMA (sashen rumbu mai suna) guda.