Me Ya Sa Tayar Baya Ke Yawan Fashe Mini a Hanya?

Tambaya: Ina jan bas ƙirar Hiace tsakanin Gombe da Bauchi. Tayar baya ta hagu ta fashe mini sau uku, galibi da rana tsaka bayan na wuce Alkaleri. Na canja taya, abin bai daina ba. Ina matsalar take?

Amsa: Malam direba, Allah ya ƙara tsarewa. Tayar da ke fashewa ana cikin gudu, ba ƙusa ba rami, zafi ne ya cinye ta daga ciki. Idan iska ta yi kaɗan ko lodi ya fi ƙarfinta, gefenta yana lanƙwashewa a kowane juyi, roba ta ɗauki zafi har ta rabu da wayoyin ciki. Ga kwalta tana tafasa a watan Maris da Afrilu, ga gudu, sai ka ji fam!

Fara da karanta rubutun jikin tayar, domin nan ne masu bas suka fi cutuwa. Wadda ta dace da irin motarka ita ce mai harafin C, kamar 195R15C 106/104. Lambar 106 tana nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 950. Tayar ƙaramar mota mai lamba 91 kuwa kilo 615 ce iyakarta, alhali ita ma za ta hau rim mai inci 15 lafiya lau. Ka cika fasinja, ka ɗora buhunan masara a baya, nauyin ya koma kan tayoyin baya, ai an zalunce ta.

Sai shekaru. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar gwanjo takan zo da zane mai kyau amma robar ta bushe. In ta haura shekara 6, ko ka ga tsage-tsage ko kumburi a gefe, bar ta komai arharta.

Iska kuma da sassafe ake auna ta, kafin mota ta motsa, a bi adadin da ke jikin takardar ƙofar direba na cikakken lodi. Sayi gejinka, kada ka dogara da bugun taya da ƙafa. Kuskuren da ke halaka mutane shi ne a tsaya a hanya, a ga iska ta hau, a rage ta. Hawan nan na zafi ne, rage shi yana ƙara wa tayar wahala.

Amma tunda gurbi ɗaya ne kullum, motar ma abar tuhuma ce. Bayan tafiyar kilomita 30, tsaya ka kusanta hannu da rim ɗin hagu da na dama. In na hagu ya fi zafi sosai, birki ne ke riƙewa ko boris ya ci. Sa makanike ya duba su, ya duba ko rim ya lanƙwashe ko sifirin ɗin gefen ya kwanta. Mai faci ya zuba ruwan sabulu a bawul da bakin rim don gano yoyon ɓoye, a sa sabon bawul da kowace sabuwar taya. Faci a gefen taya kuwa kada ka yarda da shi ko da kyauta ne.

In ta sake fashewa kana gudu, kada ka danna birki. Riƙe sitiyari da hannu biyu, saki totur a hankali, sai gudu ya ragu sannan ka gangara gefe.